Nauyin Dogo

Litinin, 1 ga Satumba

Yau butar shayi ta kuɓuce mini. Hannun hagun nan ne ya sake mutuwa ba sallama. Ruwan zafi ya watsu a kicin, kaɗan ya rage ya sami ƙafar 'yata Auta, ita kuwa da tsohon cikin nan ba ta iya tsalle. Ta ɗauko tsumma za ta durƙusa, na ƙwace.

Mijinta ne ya yi magana. Mai Waya nake ce masa a raina, don ko gaisuwa zai yi sai ya fara leƙa waya ya ga ko an canza yadda ake yi. Ya gyara zama ya ce, Umma kar ki ɗauke shi da wata manufa, amma yau buta ce, gobe jariri ne. Da ma mun shirya in Auta ta haihu ta koma shagon maganin da take aiki, ni zan riƙe abin da aka haifa da rana. To wai da wannan hannun gara su nemi gidan raino, sai dai in na yarda a gyara ni. Har ya samo wuri, har ya biya. Tausa irin ta mutanen Tailan, wai ba mai, ba shafe-shafe, lanƙwasa mutum suke yi suna miƙar da shi. Ya karanto mini daga waya har da yadda jini ke zagaya jiki.

Ni za a koya wa miƙar da gaɓoɓi. Ni da na yi shekara goma sha tara ina miƙar da ƙafafun ɗana safe da yamma, tun ranar da masu gashin ƙashi na asibiti suka nuna mini suka ce in ci gaba a gida. Yaron da aka haifa gaɓoɓinsa a sandare, bai taɓa taka ƙasa ba, bai taɓa cewa Umma ba. Wa zai nuna wa na rigingine farin wata?

Amma na dubi Auta, ta sunkuyar da kai tana juya zobenta. Na ce zan je.

Ɗana, Dogo muke ce maka, mutane suna dariya. Sai ranar da ka tafi aka miƙar da kai suka ga tsawon naka. Allah ya jiƙanka.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na je. Bene ne a saman shagon masu sayar da taya. Ƙasa ana buge-buge ana zage-zage, sama kuma kana shiga wani ƙamshin ciyawa ya tare ka, ga wata ƙarar ruwa tana fitowa daga bango, tsil-tsil, abin da ba ya sa mutum komai sai neman banɗaki. Yarinyar da ke bakin tebur da raɗa take magana, kowa na tafiya a hankali kamar gidan makoki. Ni da na fito daga na gaske.

Suka ba ni riga da wani wando da zai ɗauke mu ni da Auta da cikinta. Babu gado. Katifa ce siririya a ƙasa. Duk kuɗin nan, a ƙasa ake kwantar da mutum.

Sai ga mai tausar. Na zaci zan ga ƙatuwar mace mai damatsa, ashe wata 'yar firit ce, wuya kamar mariƙin ludayi. Tsinke. Ba 'yar Tailan ba ce ma, zuwa ta yi ta koyo, ga takardarta an liƙa a bango cikin gilashi. Ta durƙusa wajen ƙafafuna ta haɗa tafin hannu ta rufe ido. Na ce lafiya? Wai tana tattara hankalinta ne. Na ce ashe a warwatse kika zo da shi.

Na gaya mata kafaɗa ce ke ciwo, da hannun hagu. Ta ce to, ta kama tafin ƙafata. Na ce yarinya, kafaɗa na ce. Ta ce Mama, daga tushe ake duba gida. Hadda ce, da ji ka san da ita aka ba su takardar.

Abin da ta yi mini, da a titi ne sai an kira 'yan sanda. Ta taka mini cinya da ƙafarta. Ta ja ƙafata kamar mai jan guga. Ta naɗe ni ta kwance, ta kafa mini gwiwar hannu a gadon baya tana lilo gaba da baya. Rabin abin duk na san shi, ni ma haka nake yi wa Dogo, ba ƙamshi ba ƙarar ruwa ba takarda a bango.

Da ta zo ƙugun hagu sai ta tsaya. Ta danna, ta sake dannawa, ta bi da yatsa har kafaɗa.

"Mama, me kike ɗauka a nan?"

Na ce kayan duniya.

A ƙarshe suka kawo wani shayi kamar ruwan da aka wanke tsintsiya.

Juma'a, 5 ga Satumba

Ko'ina ciwo. Auta ta kira ta ce yaya, na ce an taka ni an ba ni ruwan tsintsiya. Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin rasuwar.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau faɗa muka yi da Tsinke, faɗan raɗa, tunda a gidan nan ba a ɗaga murya. Duk sanda ta ɗaga ƙafata sai ta ce kada in taya ta. Ta ɗaga hannu, kada in taya ta. Wai in sakar mata nauyina gaba ɗaya, aikinta ne ɗauka. Na ce ke ɗin? Iska mai ƙarfi ma sai ta tafi da ke. Ta ce da ƙashi take ɗauka ba da tsoka ba. Wata haddar.

Ban san ina tayawa ba. Jikin ne ke yi da kansa. Tunda nake ba wanda ya taɓa ɗaga mini ƙafa.

Bayan labule akwai wata mata tana ta nishi, wai wuyanta ya riƙe saboda zaman ofis da kallon kwamfuta. Tana ba da labarin wuyan nan kamar ta dawo daga yaƙi. Masu abin duniya ba su rasa ciwon da za su saya.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne madubin da ke kan matakala. Ina saukowa na ga wata mata kafaɗunta sun kusa daidaita, hannunta na hagu ya sauka yana lilo kamar na kowa. Sai da na tsaya na gane ni ce.

Na dawo gida na buɗe ƙofar ɗakinka, Dogo, sai na ji gefen hagun nan fayau, kamar an share wurin zaman mutum bayan ya tashi.

Asabar, 13 ga Satumba

Bari in rubuta yadda nake ɗaukar Dogo, kar wata rana in manta. In tura ƙugun hagu jikin gado. In ɗora hannunsa a wuyana. In zagaye bayansa da hannun hagu in ɗaga, haɓarsa ta faɗo kan kafaɗata, yawunsa ya jiƙa mini riga a wuri ɗaya kullum. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, mu dawo. Tun yana kamar ɗan kyanwa har ya fi ni tsawo ƙafafunsa suna jan ƙasa. Jikina ya girma ne a kansa, yadda itace ke girma ya haɗiye wayar da aka ɗaura masa.

Kekensa na guragu an mayar asibiti. Kayan sawarsa Auta da mijinta sun kwashe sun bayar, wai don kar in riƙa gani. Gadon ma an kwance shi. Abin da ya rage mini na Dogo wanda hannunsa ya taɓa shi ne wannan karkacewar, ita ce kuma aka biya wata 'yar tsinke ta goge.

Da safe na cika babbar jarkar kicin da ruwa, na ɗora ta a ƙugu, na bi hanyarmu. Ɗaki, banɗaki, ɗaki. Ba ta kai shi nauyi ba, kuma ba ta numfashi. Amma kafin azahar kafaɗar ta koma wurinta, hannun ya lanƙwashe yadda na san shi.

Ba wanda na cuta. Jikina ne.

Alhamis, 18 ga Satumba

Tsinke ta dafa ƙugun. Ta tambaya ko na faɗi. A'a. Ko na canza katifa. A'a. Ko na yi wanki mai yawa. Na ce ke dai yi abin da aka biya ki. Ta sake farawa daga tushe, tana zufa, tana jan leɓe. Ni kuwa ina kallon rufi ina lissafa wuraren da ruwan sama ya ɓata. Ashe gidan hutun ma yana yoyo.

Lahadi, 28 ga Satumba

Matar ƙanen babansu Auta ta zo, wai ba ta samu zuwa gaisuwa ba sai yanzu. Ta zauna ta ci ta sha, sannan ta faɗi abin da kowa ke faɗi: ai ya huta, ke ma kin huta. Wannan matar ko sau ɗaya ba ta taɓa zama kusa da shi ba, in ta shigo sai ta riƙa toshe hanci da gefen mayafi tana yi kamar mura. Yau ita ce ta san wanda ya huta.

Bayan ta tafi na zauna ina tuna nishin nan nasa. In na tura ƙafarsa a hankali har ta kai inda ba ta wucewa, sai ya saki wata doguwar ƙara daga can cikin ƙirji, idonsa a lumshe. Na tambayi likita ko ciwo yake ji, ya ce mai yiwuwa. Na tambayi wani, ya ce ba a sani ba, in dai ci gaba, in na bari gaɓoɓin za su ƙara naɗewa. Haka na ci gaba, safe da yamma, ban san ko azaba nake ba ɗana ba. Babansu da yana raye in ya ji ƙarar fita yake yi daga gidan.

Wannan ba a faɗa wa mai toshe hanci.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ita ta gyara, ni in mayar. Yau har da wani ƙunshin ganye mai zafi ta kawo tana danna mini a baya, kamar za a dafa ni. Banza ta kori wofi.

Talata, 7 ga Oktoba

Ban san ta ina zan fara ba.

Auta ta biyo daga awon ciki da hantsi. Tana da makulli, ban ji shigowarta ba. Ina tsakiyar hanya tsakanin ɗaki da banɗaki, jarka a ƙugu. Kuma ashe magana nake yi. Abin da na saba faɗa masa: a hankali, saura kaɗan, ga ƙofa, ɗaga kai Dogona. Na juyo na gan ta tsaye riƙe da ledar lemo.

Ta daɗe tana kallon jarkar kafin ta kalle ni. Ta ce ashe shi ya sa. Wai mai tausar ta gaya wa mijinta ba ta gane abin da ke faruwa ba, duk mako sai a koma baya, har shi yana shirin canza mini wuri. Na ce to sai me, ni na ce a kai ni? Na ajiye jarkar, hannun ya mutu a daidai lokacin, ruwa ya fantsama. Ko kallon ƙasan ba ta yi ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

"Umma, ni da ƙafata nake bin ki asibiti ina riƙe da gefen zanenki. Ban taɓa cewa ki ɗauke ni ba, na san wurin na Yaya ne. Ban taɓa jin haushinsa ba, Allah shaida ne. Yanzu ya tafi, kin ba jarka wurin. Shi ma abin da zan haifa zanen naki zai riƙe?"

Na ce ba ki san komai ba. Abin da bakina ya samu ke nan.

Ta ajiye lemon a kan tebur, ta ce in ba na son zuwa in daina, ba dole, za su yi magana da gidan raino. Ta fita tana dafa bango.

Tana 'yar wata tara ta fara tafiya. Kowa na cewa yarinya mai wayo, mai sauri. Ni ma har alfahari nake yi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ban je ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Mai Waya ne ya kira, ba ita ba. Yana ta ladabi, Umma kaza Umma kaza. Sun ga wani gidan raino kusa da shagon, wai akwai kyamara, uwa tana iya kallon ɗanta ta waya. Ka ji ci gaba. A haifi mutum a miƙa wa baƙi, a zauna ana kallonsa a gilashi kamar wasan ƙwallo. Na ce Allah ya sa alheri.

Lemon na nan a kan tebur, ya fara yamushewa. Jarkar ma na nan. Ban ɗauka ba, ban zubar ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na je ne don in gaya musu su daina ɓata lokaci, su mayar wa yaron nan sauran abin da ya biya. Yarinyar tebur ta raɗa mini in jira mai tausar. Kafin in ce a'a an miƙo mini wandon, sai na sa, tunda na riga na hau benen.

Tsinke ta shigo, yau ba haɗa tafin hannu. Ta zauna a kan dugaduganta ta ce tana so ta ba ni haƙuri. Wai ta yi duk abin da ta iya, ta kira malamarta ta can ƙasar ta yi mata bayanin ƙuguna da ɗan yaren da ta tsinta, ta gwada abin da aka ce, ba canji. Wai da ban zo makon jiya ba ta san ta kasa ne, za ta roƙi mai gidan ta haɗa ni da wadda ta fi ta daɗewa. Tana magana tana kallon hannuwanta kamar wasu abin kunya. Sai yau na lura manyan yatsun nata sun kumbura a gaɓa.

Ni ba na son a ɗora wa yarinya laifin da ba nata ba, ko da kuwa mai taka mutane ce. Na gaya mata. Dogo, da jarkar, duka. A taƙaice na faɗa, ina kallon inda rufi ke yoyo.

Na zaci za ta kawo hadda. Sai ta dafe goshi ta ce, "Haba Mama. Ni ina can ina kashe kuɗin waya har wata duniya, ashe jarka ce abokiyar aikina." Dariya ta kusa kuɓuce mini, na danne.

Sannan ta tashi ta zauna a bakin bencin da ake ajiye kaya. Ta ce in nuna mata yadda nake ɗaukarsa. Na ce da me? Ta ce da ita.

Na ce yarinyar nan ba ta da hankali. Amma ƙugun ya riga ni, ya tafi jikin bencin da kansa. Na ɗora hannunta a wuyana, na zagaye bayanta, na ɗaga. Sai ta saki. Gaba ɗaya ta saki, wuya da baya da ƙafafu, ba ta riƙe ko yatsa ba. Haɓarta ta faɗo daidai wurin. Ƙafafunta suna jan ƙasa. Tana numfashi a wuyana, da ɗumi.

Jarka nauyi ce kawai. Wannan daban ne, mutum ne ya ba ka kansa bai rage komai ba.

Na kai ta bakin labule na juyo. Ban san na ce ga ƙofa ba sai da na ji da kunnena. A dawowa hannun ya mutu, muka zube kan katifa mu biyu, gwiwarta ta bugi bango. Matar bayan labule ta yi gyaran murya, mun dame ta da wuyanta.

Tsinke ta murza gwiwar ta ce, "Shi ya iya saki. Ke ce ba ki iya ba. Zauna ki ba ni baya."

Na zauna. Ta zauna a bayana, ta kafa tafin ƙafafunta a ƙarƙashin allon kafaɗuna, ta kama wuyan hannuwana ta ja baya a hankali. Na fara tayawa, ta tsaya. Na tuna yadda ta yi a wuyana yanzun nan, da yadda kake yi, Dogo. Na bar mata. Ƙirjina ya buɗe, kafaɗar ta tafi, ta tafi, har inda ba ta wucewa.

Sai na ji ƙarar. Doguwa, daga can cikin ƙirji. Har na buɗe ido ina neman ka. Daga bakina ta fito.

Ba ciwo ba ne, Dogo. Kamar a sauke maka kaya ne bayan doguwar tafiya. Ashe abin da kake gaya mini ke nan safe da yamma, ni kuma ina yawo wurin likitoci ina tambaya.

Tsinke ta sassauta ta ce ko da zafi.

Na ce ta ƙara.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Shayin dai har yanzu ruwan tsintsiya ne.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ta ba ni aikin gida: in fuskanci bango in riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo. Tsohuwa da ni. Na rufe taga kafin in fara, kar maƙwabta su ce abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yatsun sun wuce makunnin fitila.

Na matse lemon da bai lalace ba na sha. Na kira Auta, muka gaisa kamar baƙi, yaya ƙafa, yaya nauyin jiki. Ban ce mata na koma ba. In ta so sani, mijinta na da waya.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Matar mai wuya ta tare ni a matakala tana ba ni shawara in riƙa shan ruwa da yawa, wai yana fitar da guba. Na ce na gode, ni da ruwa mun yi zaman da ya ishe mu.

Hannun ya mutu sau ɗaya a makon nan, ina tsefe kai. Tsinke ta ce karkacewar ba za ta tafi duka ba, ƙashi ya riga ya zauna, abin da za ta iya shi ne ta buɗe wa jijiyar hanya. Wai in yi haƙuri. Na ce ba komai. Ban gaya mata wannan ce magana mafi daɗi da ta taɓa fita daga bakinta ba, kar kanta ya kumbura kamar yatsun.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Auta ta haihu, mace ce. Shekaranjiya aka haife ta, yau aka sallamo su. A asibiti ta gilashin ƙofa na gan ta, ban nemi a ba ni ba, ba a kuma ce ungo ba.

Da na je gidansu yau, Mai Waya ya zaunar da ni a tsakiyar gado ya kewaye ni da matasai kamar ƙwai a kwali. Ya ɗauko ta yana karanto mini yadda ake tallafe kan jariri. Ni. Na buɗe hannu.

Auta na kwance fuskarta a bango, na zaci barci take yi. Ba ta juyo ba ta ce, "Kwashe matasan nan. Bar ta ta tashi da ita."

Na tashi. Ƙugun ya fita da kansa yana jiran nauyi, bai samu ba, har na yi tangaɗi, yaron nan ya miƙo hannu biyu. Yarinyar ba ta fi burodi ba. Dole na tsaya daidai, don babu abin da za a karkace wa. Na kai ta taga na dawo, na sake kaiwa. Hannun bai ce komai ba.

Da na juyo Auta na kallonmu. Ta ce wa mijinta gidan rainon nan ma hanyarsa ta cika cunkoso da safe, sai dai a sake shawara. Shi kuma ya duba waya ya ce haka ne. Da zan wuce ta gefen gadon ta kama bakin zanena, wai ya karkace in gyara. Bai karkace ba. Na tsaya har ta saki.

Ba wani abin rubutawa ba ne. Maƙwabciya ta ari jarkar tun wancan makon da ruwa ya ɗauke, ba ta dawo da ita ba, mutane ba su da ta ido. Ni ma ban aika ba, ina da abin yi. Alhamis zan je wurin mai takawar, tunda an riga an biya, kuma wani ya kamata ya gaya musu rufinsu na yoyo.

Ta yi mini tumbuɗi a kafaɗar hagu, daidai wurin. Ban canza rigar ba tukuna.